Lasisin tuƙin jirgin ruwa: wanne ya dace da Bazazzagi, wanne ne asarar kuɗi?

Ɗan ƙanwata da ke sayar da kayan waya a PZ nan Zariya ya same ni bayan magariba, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, dubi wannan." Talla ce ta wata makaranta a intanet, wai cikin 'yan makonni za ka zama kyaftin, karatun ma daga ɗakinka. Har ya fara lissafin dala zuwa naira. Na ce masa to madalla, a rafin Kubanni za ka sa jirgin ko a kogin Galma? Ya yi dariya. Ni kuwa da gaske nake, domin ruwan da mutum zai yi aiki a kansa shi ke yanke irin takardar da zai nema, da hukumar da za ta ba shi, da shekarun da za ta ci.

Irin waɗannan tallace-tallace galibi na Amurka ne. Hukumar tsaron gaɓar tekunsu na da wani ƙaramin lasisi na ɗaukar fasinja da ba su wuce shida ba, kuma kafin a ba ka sai ka kawo shaidar kwana 360 a kan ruwa. Makarantar intanet ɗin jarrabawa kawai take shirya ka, kwanakin nan ba ta da su da za ta sayar maka. Babban lasisin nasu kuma sai ɗan ƙasa. Ko da ma ka samu, jami'in da zai tare ka a Yawuri ba shi zai tambaya ba. Wannan zaɓin a cire shi daga lissafi tun yanzu.

A nan gida hukumomi biyu ne. NIWA, mai hedikwata a Lokoja, an kafa ta a 1997, ita ke kula da koguna da tafkuna: Neja, Binuwai, Kainji da sauransu. NIMASA kuma tana Legas, dokarta ta 2007 ce, ita ke ba ma'aikatan jirgi takardar shaidar ƙwarewa da ake kira CoC. Duk wanda ya ce zai yi maka lasisi bai ambaci ɗaya daga cikin biyun nan ba, riƙe kuɗinka.

Hanya mafi kusa da aljihun talaka ita ce ta kogi. Jirgin katako ko na roba mai inji a baya, mai ɗaukar 'yan kasuwa da buhuna da babura ranar kasuwa, shi ne abin da yawancin Hausawa ke nufi da jirgin haya. Ba a tambayar ka sakamakon sakandare. Yadda ake koyon mota a tasha haka ake koyonsa: ka zama yaron jirgi, ka kwashe ruwa, ka ɗaure igiya, ka yi lodi, sannan a fara sakar maka hannun inji a inda ruwa ya kwanta. Bayan haka ka je ofishin NIWA na yankin, kamar na Yelwan Yawuri ko Lokoja, a yi wa jirgi rajista a duba lafiyarsa, kai ma ka nemi izinin tuƙi. Ga kuma ƙungiyar masu jirage da Sarkin Ruwa na wurin, waɗanda in ba su san da kai ba, takarda ba za ta sama maka layin lodi ba.

Arharta ita ce haɗarinta. A watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra a jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari a ciki, a watan Yunin 2023 kuma wani ya kife da 'yan biki a yankin Patigi na jihar Kwara, aka rasa sama da mutum ɗari. Dalilan kusan kullum ɗaya ne: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon katako, babu rigar ceto, ga kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, musamman a tafkin Kainji inda ruwa ya shanye daji bayan gina madatsar a 1968. Shi ya sa dokar sufurin ruwa ta 2023 ta matsa kan rigar ceto da hana tafiyar dare. Saboda haka abin da za ka zaɓa a wannan hanya ba makaranta ba ce, ubangida ne. Kafin ka ba da kanka, zauna a bakin ruwa kasuwa biyu ko uku ka kalli yadda yake lodi. In ka ga ruwa na neman leƙa bakin jirginsa shi kuma yana ta kiran fasinja, nemi wani. Wanda ya san inda kututture yake da rani da inda yake komawa in ruwa ya cika, ya kuma iya cewa "ya isa" ana roƙonsa, shi ne malami.

Hanya ta biyu ita ce wadda nake ganin mutanenmu ba su san da ita ba, alhali ta fi dacewa da wanda ya haura shekara ashirin da biyar yana da ɗan ilimin boko. Ita ce ta ƙananan jiragen kamfani a Legas, Warri, Fatakwal da Boni: masu kai ma'aikata, masu jan tulin kaya, masu jigilar fasinja cikin gari. NIMASA na da takardu na wannan mataki, akwai ta matuƙin ƙaramin jirgi mai inji, akwai kwatamasta, akwai ribamasta, ana hawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon kwanakin aiki da jarrabawa. Mafarin duka shi ne horon farko na yarjejeniyar STCW, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a 1978 aka yi mata babban gyara a Manila a 2010. Darussa huɗu ne: yadda za ka ceci kanka a ruwa, kashe gobara, taimakon farko, da zama lafiya da abokan aiki a jirgi. Kwanaki kaɗan ake yi, ana sabunta na ceto da na gobara duk shekara biyar. Ka sani za a sa ka tsalle cikin ruwa da gaske, ka kuma hau kwale-kwalen ceto. Wanda iyakar iyonsa kududdufin bayan gari ne lokacin ƙuruciya, ya ɗan sake gwadawa kafin ya tafi.

A nan ne 'yan damfara suka fi yawa. Cibiyoyin horo masu zaman kansu birjik suke a kudu, wasu NIMASA ta amince da su, wasu allo ne kawai da injin buga takarda. Ka nemi sunan cibiyar a jerin da hukumar ke fitarwa, ka tambaya ko amincewar ta shafi ainihin kwas ɗin da kake so, domin ana iya amince wa cibiya ta koyar da abu ɗaya ba ɗayan ba. Kuɗin gwamnati kuma ta Remita ake biya, ba asusun wani "oga" ba. Wanda ya ce zai kawo maka takardar har Sabon Gari ba tare da ka jiƙa ƙafa ba, kamfanin da zai ɗauke ka aiki zai tantance lambarta, nan asiri zai tonu.

Sai babbar hanya, ta kyaftin ɗin jirgin teku. Makarantar da aka fi sani ita ce Kwalejin Sufurin Teku ta Oron a Akwa Ibom, ana shiga ta JAMB da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks, a yi difloma ta shekara biyu a fannin tuƙi ko injiniyan jirgi. Akwai jami'ar Okerenkoko a jihar Delta da ta fara karatu a 2018, akwai kwalejin kamun kifi da fasahar teku ta tarayya a Legas. Mai hali yakan tura ɗansa Akara a Gana ko Iskandariyya a Masar. Amma difloma ba lasisi ba ce, wannan shi ne abin da iyaye ba sa ji sai an gama kashe kuɗi. Kafin a ba ka takardar jami'in tsaron tuƙi, matakin farko ke nan, sai ka yi aƙalla wata 12 a jirgin teku a matsayin ɗalibi, ana cike maka littafin horo, ko wata 36 in ba ta tsarin makaranta ka bi ba. Daga nan zuwa kyaftin na babban jirgi akwai ƙarin wata 36 na aiki, ana rage shi zuwa 24 in ka yi shekara a matsayin mataimakin kyaftin, ga jarrabawa a kowane mataki. In ka haɗa da hutu da jiran gurbi, shekara goma ba abin mamaki ba ne.

Kuma gurbin wata 12 ɗin nan shi ne ƙashin bayan wahalar. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, jiragen da za su ɗauki ɗalibai suka yi ƙaranci, matasa da dama sun gama karatu sun zauna shekaru suna jira. Shirin NSDP da NIMASA ta fara a 2008, mai tura ɗalibai ƙasashe irin su Indiya, Filifin da Masar, shi ma ya sha fama da wannan matsala, duk da haka in an buɗe shi a nema, don ya ɗauke wa iyaye nauyi mai yawa. Tambayar da zan yi wa kowace makaranta kafin in biya ko sisi ita ce: ɗalibanku na bara, nawa ne ke kan jirgi yanzu, kuma jirgin wane kamfani? Akwai gajeriyar hanya a cikin wannan, ta jiragen da ba su kai tan 500 ba masu bin gaɓar teku, inda mai shekara 20 da ya yi wata 12 yana jami'i zai iya neman zama kyaftin. Sai dai takardar ba ta kai ka tsakiyar teku.

Wasu za su ce ai ga NITT, cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, nan a hanyar Basawa, me zai kai mu Oron? Cibiya ce mai daraja, tun 1986 take horar da ma'aikatan sufuri, kuma wanda ke son aikin tashar jiragen ruwa ko sarrafa kaya ya same ta a ƙofar gida. Amma ilimin gudanar da sufuri daban, izinin riƙe jirgi daban. Zariya ta saba yaye matuƙan jirgin sama a Palladan tun shekarun 1960, na ruwa kam dole a bar gari. A lissafinka ka sa kuɗin mota, haya da abinci na watanni a garin da ba ka da kowa, sau da yawa su ke fin kuɗin kwas ɗin kansa.

Abu ɗaya ne za ka iya yi a nan, kuma shi ya kamata ya zo farko: gwajin ido. Jirgi na kunna jar fitila a hagu, koriya a dama, da su ake gane inda wani jirgin ya dosa cikin dare. Wanda ba ya bambance ja da kore ba a ba shi takardar tuƙi, kuma mutane da yawa ba su san suna da wannan ba sai a gaban likita. Je asibitin koyarwa na Shika ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna a duba ka. Takardar lafiya ta ainihi sai daga likitan da NIMASA ta amince da shi, tana aiki shekara biyu, amma gara ka ji labarin a gida da kuɗin mota kaɗan.

Ɗan ƙanwar tawa shekararsa 27, Fiziks ɗinsa kuma ba ta kai ba, saboda haka na ce ya manta da Oron. Kogi kuwa uwarsa ta ce ba da yawunta ba. Ya rage ta biyun. Na ce ya fara da Shika ranar Litinin, in ido ya wuce ya tara kuɗin horon farko da na zaman wata uku, kada kuma ya saki shagon PZ sai wani jirgi ya ce masa zo.