Gargaɗi Kan Masu Tallar Kayan Yanka Tayil da "Hodar Gyaran Daɓe" a Intanet

Ina jan hankalin masu gini da masu aikin sa tayil game da wata damfara da ake yi ta Facebook da WhatsApp, inda mutum zai fito da sunan dillalin kayan gini, ya tallata injin yanka tayil na hannu da faifan giranda (injin yanka mai aiki da wutar lantarki) da wasu buhunan hoda a dunƙule, a kan farashin da bai kai na Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja ba. Ba shi da shagon da za a je a same shi. Yakan nemi a tura rabin kuɗi a matsayin kafin alƙalami, sannan ya aiko da kaya ta tashar mota, direba ya karɓi cikon. Wani daga cikinsu yakan kashe waya da zarar kuɗi ya shiga, kuma wannan ma da sauƙi, domin asarar ta tsaya a nan. Wanda ya fi cutarwa shi ne wanda zai aiko da kayan.

Faifan yanka tayil na gaskiya yana da ƙwayoyin lu'ulu'u da aka cakuɗa cikin ƙarfen bakinsa, shi ya sa yake ci gaba da yanka ko da bakin ya fara cinyewa. Na jabun kuwa ƙarfe ne kawai da aka manna wa ɗan tsakin yashi a sama aka fesa fenti, kuma kafin a gama kwali ɗaya na tayil mai santimita 60 da 60 bakin ya zama sumul, ya fara ƙona tayil yana ɓalle gefensa. Na riƙe irinsa a hannu: babu kibiyar da ke nuna inda zai juya, babu adadin gudun da zai iya ɗauka, sunan kamfanin kuma yana gogewa da farce. Giranda mai ɗaukar faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, saboda haka idan faifai ya tsage a wannan gudun, maganar ta wuce asarar kuɗi ta koma ta ido da yatsu. Injin hannun ma haka yake. 'Yar tayar da ke zana tayil ƙaramin ƙarfe ne mai laushi, sandunan da take gudu a kansu kuma suna lanƙwasa idan aka danna, sai tayil ya karye a karkace.

Sai dai babbar ƙaryar tana cikin buhun hodar. Suna cewa idan aka kwaɓa ta aka shimfiɗa a kan kankaren da aka zuba jiya, za ta daidaita ƙasa, ta hana danshi, ta kuma riƙe tayil, ba tare da an yi daɓen siminti da yashi ba. Akwai hodar daidaita ƙasa ta gaskiya, amma aikinta cike ɗan rami ne na 'yan milimitoci a kan ƙasar da ta riga ta bushe ta yi ƙwari, kuma babu hodar da ke busar da ɗanyen kankare. Kankare yana buƙatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafa masa, yana kuma tsukewa a hankali yayin da yake bushewa, to tayil ɗin da aka ɗora masa da wuri yana iya tsagewa ko ya kumburo. Abin da ke cikin buhunansu yawanci tsohon siminti ne da ya sha iska aka sake niƙawa, aka haɗa da rairayi. Tayil mai tauri irin foselin, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ba ya kama irin wannan kwaɓi. Gam ɗin manna tayil mai ƙarfin riƙo, wato mai lambar C2, yake buƙata, a shimfiɗa shi da cokali mai haƙora ya rufe bayan tayil baki ɗaya.

Dabarar ɗan damfarar ita ce ɓarnar ba ta bayyana ranar da aka gama aiki. Sai bayan watanni, iyali sun tare, an jera gado da kujeru, sannan a ƙwanƙwasa tayil da makulli a ji yana ƙara kamar ganga. A lokacin dillalin ya sauya suna da lamba, laifin kuma ya faɗa kan mai aikin, wanda sau da yawa bai ma san inda aka sayo kayan ba. A ganina masu gida suna da nasu kason a nan, domin gaggawar tarewa kafin biki ce ke sa su yarda da maganar da ko yaron magini ba zai yarda da ita ba.

Ba a cinikin biri a sama. Duk wanda zai sayi faifai ko inji, ya tafi shago da gutsuren tayil ɗin da zai yi aiki da shi, a yanka a gabansa, ya duba gefen, ya kuma karɓi rasit mai adireshi. A buhun gam a nemi sunan kamfani da ranar da aka yi shi da alamar hukumar kula da ingancin kaya ta SON, a kuma ƙi duk buhun da aka sake ɗinke bakinsa. Kafin a fara shimfiɗa tayil a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita 2 a ƙasa, ratar da ke ƙarƙashinsa kada ta wuce milimita 3, sannan a manna leda a daɓen ta kwana. Idan aka wayi gari da raɓa a cikinta, a ƙara jira.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana hoton tallar da hirarsu da shaidar biya, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙorafi ga 'yan sanda ko hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC. Buhunan da suka rage kuma kada a sayar wa wani don a rage asara.