Yaya, a duba mini ƙafafun Baba

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Baba?

Makon jiya na je awon shekara-shekara da ake yi wa masu ciwon suga a nan Ingila. Ganin likita a ƙasar nan sai mai haƙuri: ki buga waya ƙarfe 8 na safe ki tarar layi ya cika, abin da a gida minti goma ya isa ki gama da shi a kemis. Sai dai magani ba na biya. Masu biya fam 9.90 suke bayarwa kan kowane magani, mai shan maganin suga kuwa an yafe masa.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba na kuɗi ba ne. Nas ta sa na cire takalmi da safa, ta ce in rufe ido. Ta ɗauko wani siririn tsinken roba kamar igiyar fatsa, tana danna shi a yatsu da tafin ƙafa har ya lanƙwashe, wai ƙarfin giram 10 ke nan, duk inda na ji in ce na ji. Ta lalubi bugun jini, ta leƙa tsakanin yatsu. Ta ce suga in ya daɗe yana cin jijiyoyi ne a ɓoye, daga yatsu yake farawa, har ƙusa ta soki mutum bai sani ba sai ta zama gyambo. Nan take na tuna Baba: shekara nawa ana auna masa suga a yatsan hannu, ban taɓa ganin an ce ya cire takalmi ba. Ga shi kullum yana kukan ƙafa na yi masa zafi da dare kamar barkono.

Akwai gwajin da aka ƙirƙiro a asibitin garin Ipswich a nan Ingila, ba ya buƙatar komai. Baba ya rufe ido, ki taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin a kowace ƙafa, a hankali, daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. In biyu cikin shidan nan bai ji ba, a kai shi asibiti, kar a tsaya jiƙe-jiƙe.

Kuma don Allah a raba shi da mai yankan farcen nan na ƙofar masallaci, da ɗora ƙafa kusa da kasko in hunturu ya shigo. Bayan alwala ya riƙa goge tsakanin yatsu.

Ki turo mini lambar takalminsa. Na ga rufaffe mai taushi, tsada dai kamar me, amma zan ba mai zuwa ya kawo.