Allurar gwiwa da motsa jiki: abin da na gani a jikina

Abokan aiki da yawa a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, malamai irina da tsayuwa gaban allo ta ci musu ƙafa, suna tambayata ko su yi allurar da aka yi mini a gwiwa. Abin da nake ce musu shi ne, allurar ta ba ni sauƙi na 'yan watanni, amma motsa jiki ne ya dawo mini da ƙafata.

Ciwona amosanin gaɓɓai ne. Hoton da aka ɗauka ya nuna guringuntsin gwiwar dama ya zaizaye ta gefen ciki, tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ragu. Da safe gwiwar a sage take, in zan tashi daga tabarma sai na dafa bango, har ta kai ina salla a kan kujera.

Allurar sinadarin asid hiyaluronik ce. Jiki da kansa yana yin sa, shi ke sa ruwan cikin gaɓa yauƙi, to in amosani ya kama sai ruwan ya tsinke. An yi mini guda uku, mako-mako. Likita ya wanke wurin da jan maganin nan, ya soka ta gefen ƙoƙon gwiwa, na ji wani nauyi yana cika gaɓar. Ya ce, "Malam, kwana biyu ban da ɗaukar kaya, ban da doguwar tsayuwa." Ta biyun ta kumbura mini gwiwa har sai da na ɗora ƙanƙara. Wasu nau'o'inta daga zankon zakara ake tace su, don haka wanda jikinsa ba ya karɓar kaza ko ƙwai ya faɗa tun kafin a taɓa shi.

Kuɗin kuwa, sai da kantin magani ya yo oda daga Duwala, kuma abin da na kashe ya isa ragon layya mai kyau. Sauƙi ya zo bayan 'yan makonni, ba zan ɓoye ba, na yi barci lafiya. Amma kafin wata shida ciwon ya dawo yadda yake, domin allurar ba ta tsiro da guringuntsin da ya tafi.

Daga baya na karanta nazarin da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2022, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 169 a kan mutum sama da 21,000. Bambancin wannan allura da ta bogi ɗan kaɗan ne, bai kai yadda mara lafiya zai ji shi sosai ba. A shekarar ce hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ta ce kada a riƙa ba da ita, ta sa motsa jiki a gaba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne a asibitin da na je babu wanda ya ambaci motsa jiki kafin a rubuta mini takardar allura.

Wani matashi mai gashin ƙashi na asibiti, wanda muke ce wa kine, shi ya koya mini. Ya kama cinyata ya ce, "Baba, dubi wannan, ta fi ta hagu sirancewa. Kana jin tsoron taka ta, naman yana narkewa, nauyin duka yana komawa kan gaɓar." Ya sa na kwanta rigingine, ƙafa a miƙe, na ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, na riƙe daƙiƙa biyar, na sauke a hankali. Sai naɗa tawul a ƙarƙashin gwiwa ina danna shi. Sai tashi da zama a kan kujera ba tare da dafa komai ba. Ranar farko cinyar rawa take yi, gumi yana zuba.

Wannan hanya tana da ɗaci. Makonnin farko ciwon har ƙaruwa ya yi, kuma babu wanda zai yi maka aikin. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, tafiya ba ta yiwuwa sai bayan asuba, kafin rana ta buɗe. Na rage sukari a shayi da yawan tuwon dare, tunda kowane kilo da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Bayan kamar wata uku na hau matakalar makaranta ban riƙe ƙarfe ba. Yanzu ina sujada a ƙasa, zaman tahiya ne kawai nake ɗan miƙe ƙafar. In na yi mako ban motsa ba, gwiwar takan tuna mini.

Wanda ciwo ya hana shi ko ɗaga ƙafa, kuma yana da hali, zai iya tattauna allurar da likitansa don ya samu sararin fara motsa jikin. Amma a yi ta a asibiti, a hannun wanda ya iya, kuma in gwiwar ta kumbura ta yi zafi da zazzaɓi bayan allura, a koma asibiti a ranar.