Na je buga handawut 40 a Samaru: sharhi kan wani shagon buga takardu

Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga shagon da filash a jaka, a zatona aikin rabin awa ne. Sai bayan isha'i na fito. Asabar ɗin zan horar da malaman firamare 40 kan koyar da karatun Hausa a ƙananan azuzuwa, na shirya silaid 54 a PowerPoint, kuma ina son kowa ya koma gida da nasa kwafin a takarda. Shagon ɗaya ne daga cikin waɗanda ke jere a Samaru, Zariya: kwamfuta biyu, firinta ɗaya mai buga baƙi da fari, injin fotokofi, da benci. Mai shagon dattijo ne, aikin kuwa wani saurayi ke yi, kuma yawancin abin da zan faɗa a kansa ne.

Tambayarsa ta farko ita ce, "Malama, silaid nawa kike so a kowane shafi?" Ban ma yi wannan tunanin ba. Ya ja kalkuleta ya nuna mini: in aka buga silaid ɗaya a shafi, 54 sau 40 zai ba da takarda 2,160, wato fiye da rim huɗu, tunda rim ɗaya 500 ne. PowerPoint na ba da zaɓin 1, 2, 3, 4, 6 ko 9 a shafi. Na ce a yi shida, don aljihu. Bai yi mini musu ba, ya buga shafi ɗaya ya miƙo mini. Jadawalin gaɓoɓin da na cika da ƙananan rubutu ya koma kamar tururuwa, kuma rabin malaman nan da tabarau suke karatu. Ya sake buga na uku-uku, wanda ke ajiye silaid a hagu da layukan rubutu a dama. Shafi 18 ke nan, gaba da baya takarda 9, na mutum 40 kuma 360. Na yarda. Da yana son kuɗina ne kawai, da ya buga ɗai-ɗai ya miƙo mini lissafi.

A wannan shafin gwajin ne na ga abin da ya sa gabana ya faɗi. "Ƙasa" ta koma "{asa", "ɗaya" ta zama "]aya", "ɓera" kuwa "~era". Horo kan haruffan Hausa, a ce masu ƙugiya duk sun gudu! Laifin nawa ne. Tun ina ɗaliba nake amfani da wani tsohon salon rubutu na Hausa, irin wanda aka ɗora ƙ, ɗ da ɓ a kan maɓallan baka da makamantansu. Muddin salon yana cikin kwamfuta, komai lafiya. Da an kai fayil inda babu shi, sai ainihin alamomin su fito fili. Kwamfutar shagon ba ta da shi, tawa kuma tana gida.

Saurayin ya ce ya saba gani a furojet ɗin ɗaliban Hausa. Ya danna Ctrl da H, ya sa aka maye kowace "}" da ƙ ta gaskiya a duk fayil ɗin, haka "]" da ɗ, "~" da ɓ, sannan ya bi manyan. Ya mayar da rubutun zuwa Arial, wanda ke da haruffan nan a cikinsa. Ko minti goma bai kai ba. Abin da bai gyaru ba shi ne tsayin layi, don sabon salon ya fi nawa faɗi, sai wasu kanun suka zubo layi biyu, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma nuna mini inda ake cusa salon rubutu cikin fayil tun daga gida: File, Options, Save, sai a yi maki a Embed fonts in the file. Ya ce ba kowane salo ke yarda a cusa shi ba, gara in bar tsohon nan gaba ɗaya. Shekara da shekaru ina tare da salon nan, amma gaskiya ya faɗa.

Sai batun launi, wanda ya fi cin lokaci. Silaid ɗina shuɗi ne mai duhu da farin rubutu, don ya fi kyau a majigi. Da aka zaɓi Grayscale, PowerPoint da kansa ya mayar da bangon fari, rubutu baƙi, tona (garin tawadar firinta) ta tsira. Matsalar tana silaid biyar da na ɗora farin rubutu a kan hoton aji. Rubutun ya koma baƙi, hoton kuma yana nan da duhunsa, sai kalmomin suka nutse. Ya shiga View, ya zaɓi Grayscale, ya danna akwatin rubutun ya ce masa White. Wannan saitin na bugu ne kaɗai, bai taɓa launin da za a gani a majigi ba. Ni da nake amfani da manhajar nan tun kafin ya gama sakandare ban san da wurin ba.

Akwai wanda ba shi da magani a saiti. Na rubuta wasula da ja, baƙaƙe da kore, darasin gaɓa gaba ɗaya a kan bambancin nan ya tsaya. A takarda duk baƙi suka fito. Dole na zauna a bencin na ja wa kowane wasali layi a silaid bakwai, yayin da yake sallamar masu fotokofi. A nan ne kuma na lura amsoshin jinga sun fito tare da tambayoyin. A majigi sai na danna suke bayyana, takarda kuwa ba ta san jira ba, komai take zubewa lokaci guda, har wata amsa ta hau kan tambayarta. Muka kwafi fayil ɗin, muka goge amsoshin daga kwafin. Silaid biyu da na ɓoye don kaina, ban ma sa su cikin 54 ɗin ba, su ma suna shirin fita, sai da ya cire makin Print Hidden Slides. Kwanan watan Alhamis da ya maƙale a saman kowane shafi ya cire shi ta Edit Header & Footer.

Zuwa nan sai yabo. Yanzu ga inda shagon ya gaza.

Ana gab da magariba aka ɗauke wuta. Kwamfutar ba ta da abin riƙe wuta, ta mutu nan take, janareta kuma sai da aka aika yaro sayo mai. Da aka tayar, saurayin ya buɗe fayil, ya zaɓi uku-uku da Grayscale, ya saki bugu ba tare da shafin gwaji ba, abin da bai yi ba ko sau ɗaya tun zuwana. Saitin firinta ya koma yadda yake da. Takarda ta koma Letter maimakon A4, alhali ba girmansu ɗaya ba: A4 milimita 210 ne da 297, Letter kuwa kusan 216 da 279. Firintar ta tsaya tana neman takardar da babu ita a shagon, ya danna mata ta ci gaba a haka. Wajen zaɓen gaba da baya kuma ya taɓa juyawa ta gajeren gefe maimakon dogo. Kwafi 12 suka fito bayansu a kife, sai ka juya takarda sama da ƙasa kafin ka karanta. Takarda 108 ke nan.

Mai shagon ya so a raba asarar. Na ce, "Alhaji, ni na ɗauke wutar ko ni na danna?" Ya yi dariya, ya ce, "Malama, takarda ta yi tsada." Saurayin ne ya ce kuskurensa ne, kada a sa mini. Ba a sa ba, amma sai da muka ɓata minti ashirin a kai, kuma ban ji daɗin yadda aka bar yaron da fuskar mai laifi a gaban mutane ba, alhali wanda ya ƙi sayen abin riƙe wuta yana zaune.

Takardar ma ba a adana ta da kyau. Watan Agusta ne, rim a buɗe a ƙasa kusa da ƙofa, ya sha laima. Sau huɗu tana maƙalewa, wasu kuma suka fito a lanƙwashe. Sai da aka fasa sabon rim aka sami lafiya. Abin liƙa takardunsu ƙarami ne, takarda tara ma da ƙyar yake hudawa, kwafi uku sun ɓalle kafin in kai gida.

Bugun kansa ba shi da aibi. Baƙin ya fito sosai, babu zane-zanen tona, kuma kowane kwafi ya fito a jere daga shafi na 1 zuwa 18, ba sai mun zauna tsinta ba. Kuɗin shafi daidai yake da na maƙwabtansu, ba a kuma caje ni ko kwabo a kan gyaran haruffa da launi ba, wanda ya ci fiye da awa biyu.

Kafin in tafi ya adana mini kwafin PDF, amma ya yi shi ne daga tagar bugu, ta Microsoft Print to PDF, da uku-uku da Grayscale a zaɓe. Ya ce in na mayar da silaid ɗin PDF da launinsa na kai wani shago, shuɗin bangon nan baƙi ƙirin zai fito, kuma mai shago zai ƙara mini kuɗin tona.

Zan koma, da safe, da PDF a hannu, kuma in na tarar ba saurayin nan ne a kan kwamfuta ba zan jira shi. Ranar Asabar wata malama ta cika layukan daman nan har ta juya gefen takarda, ta tambaye ni ko akwai ragowar kwafi ta kai wa shugabar makarantarsu. Na ba ta ɗaya daga cikin kifaffun da Alhaji ya ce in kwashe.