Manhajar da ta cusa takwarori biyu a riga ɗaya

Kuɗin wata uku na biya wa manhajar nan ta tarihin mashahuran mutane, amma shafi ɗaya tak ya ishe ni takaici. Ka rubuta William Morris, sai ta kawo maka mutum guda: an haife shi a 1834, ya mutu a 1963. Shekara 129 ke nan a duniya! Wai edita ne ɗan gurguzu, kuma shi ne attajirin da ke ƙera motoci a Oxford.

Mutane biyu ne, suna kawai ya haɗa su. Na farko haifaffen Walthamstow ne a 1834, mawaƙi, mai zanen adon yadi da na bango. Shi ne editan jaridar Commonweal ta ƙungiyar Socialist League daga 1885 zuwa 1890, ya kafa maɗaba'ar Kelmscott a 1891, ya mutu a 1896. Ba abin da ya tsana irin masana'antar da ke mayar da ma'aikaci bawan inji. Na biyu kuwa a Worcester aka haife shi a 1877. Da gyaran keke ya fara, ya fitar da motarsa ta farko, Morris Oxford, a 1913, ya kafa masana'antarsa a Cowley. Shi ne Lord Nuffield, wanda ya ba da fam miliyan 10 aka kafa gidauniyar Nuffield a 1943, kamfaninsa kuma ya haɗe da kamfanin motoci na Austin a 1952. Shi ne ya mutu a 1963.

Abin dariya, hoton dattijon nan mai ƙasumba, maƙiyin inji, shi aka liƙa a saman bayanin motar Morris Minor ta 1948. Lokacin nan ya shekara 52 a ƙasa.

Matsalar a bayyane take. Da suna kaɗai masu manhajar suke tattara bayanai, ba sa haɗawa da shekarar haihuwa ko garin mutum. Sai su ɗauki haihuwar da ta fi daɗewa da mutuwar da ta fi kusa, su dama komai a tsakani.

A yi musu adalci, ba ko'ina suka kwafsa ba. Na gwada Joseph Cowen, wanda ya fi wuyar rarrabewa tunda uba ne da ɗa, kuma dukansu sun wakilci Newcastle a majalisar Ingila. Sun raba su tsaf: uban, mai masana'antar bulo mai jure wuta a Blaydon, ya mutu a 1873, ɗan, mai jaridar Newcastle Chronicle, ya mutu a 1900. Bincike yana da sauri, ba ta cin data, shafin da ka sauke yana buɗuwa ko babu intanet. Har na fara cewa tauraro uku ya dace da ita.

Sai na tuna na danna wurin kai ƙorafi har sau biyu, na tura musu shekarun dalla-dalla. Amsar inji ce ta dawo, "mun gode da saƙonka". Yau sati shida, mutumin yana nan da shekararsa 129. Cire kuɗin sabuntawa kuwa ko minti ɗaya ba su makara ba. Ɗalibin da ya kwafi shafin nan ya kai wa malaminsa, shi zai sha kunya, ba su ba. Tauraro biyu, shi ma albarkacin Cowen.