Sharhi Kan Wani Gidan Fate da Tuwo a Samaru, Zariya

Wanda ya sauka Samaru da niyyar cin abincin Zazzagawa na asali zai iya komawa garinsu bai ɗanɗana shi ba, muddin ya tsaya ga gidajen abincin da ke bakin titin Sakkwato, daura da ƙofofin Jami'ar Ahmadu Bello. Tun da aka buɗe jami'ar a 1962 ɗalibai ke tahowa daga kowane sashe na Nijeriya, kuma masu sayar da abinci sun bi abin da aljihun ɗalibi da ƙarancin lokacinsa suke buƙata, wato dafa-duka da taliya, da indomi da ƙwai a teburin mai shayi, sai teba da sakwara ga waɗanda suka saba da su a gida. Wannan abinci yana da ranarsa, amma ni fate nake nema, abincin da ake tsokanar mutanen Zazzau da shi a wasan barkwanci, wanda kuma da wuya a gan shi a jerin abin da manyan gidajen abinci ke sayarwa.

Ɗalibai ba su ne mutanen da za a tambaya ba, domin yawancinsu baƙi ne a garin. Masu gadi da masu shara na jami'a da direbobin Adaidaita Sahu su ne suka san inda ake girki na gaskiya, kuma ta bakinsu na samu kwatancen wani gida a lungu bayan kasuwar Samaru, wanda ba shi da allon suna, sai rumfa da bencina a ƙofar zaure. Wata dattijuwa ce ke riƙe da tukunya, 'ya'yanta suna zuba wa mutane.

Faten nata na tsakin masara ne, kuma abin da ya fara burge ni shi ne tsakin ya nuna lugub ba tare da ya narke ya zama kunu ba. Ta haɗa yakuwa da alayyafo, tsamin ganyen ya fito daidai, bai kashe ɗanɗanon daddawa ba. Akwai dakakkiyar gyaɗa da ta ba shi kauri da gardi, da wake wanda aka dafa ya yi laushi tun kafin a zuba tsakin, da gauta 'yar kaɗan mai ɗan ɗaci da ke sa mutum ya ƙara cokali. Manja bai yi yawa har ya taso a sama ba, kuma ba ta cika sinadarin ɗanɗano ba, abin da ya ɓata girki a wurare da dama. Ba abin mamaki ba ne a samu tsaki mai kyau a nan, domin ƙasar Zazzau ƙasar masara ce, kuma a Samaru ɗin ne cibiyar binciken aikin gona take, wadda asalinta ya faro tun 1922, take fitar da irin masarar da manoman Giwa da Shika ke shukawa.

Tuwon masara da miyar kuka ma ya yi kyau, tuƙin ya yi santsi babu gudaji. Miyar taushe kuwa ba ta kai faten ba, kabewar ta yi ƙaranci, naman kuma yana buƙatar ƙarin wuta.

Akwai abubuwan da ya kamata a gyara. Wurin zama ya yi ƙunci, babu inda aka keɓe wa mata, shi ya sa yawancinsu suke zuwa da kula su sayi abincin su tafi da shi. Ruwan wanke hannu a roba ɗaya ake ajiye shi, alhali buta da sabulu ba za su gagara ba, kuma wannan ya dame ni ƙwarai saboda girkin ya cancanci tsaftar da ta fi haka. Haka nan yawan abin da ake dafawa yana bin zaman jami'a ne. Idan an tafi hutu sai a rage tukunya, kuma duk mai sana'a a Samaru bai manta da yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022 ba, lokacin da ciniki ya tsaya cak.

Farashin kwano ɗaya bai kai na dafa-duka da kaza a bakin titi ba, kuma yana riƙe ciki har dare. Mai son zuwa ya isa kafin sallar Azahar, domin da an idar da salla ma'aikata ke cika rumfar, fate kuma shi ke fara ƙarewa. Ya tafi da tsabar kuɗi a hannu, sannan idan cikinsa ba ya ɗaukar yaji ya faɗa tun kafin a zuba, saboda Hajiya tana barbaɗa shi da hannu sake.