Sharhi kan allurar baya ta efidural bayan tiyatar ciki

Tiyatar hanji aka yi mini, irin wadda ake tsaga ciki daga ƙasan ƙirji har ƙasan cibiya, kuma likitan sa barci ne ya ba ni shawarar efidural. Ta bambanta da allurar bayan da aka saba yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa, wadda ake yi sau ɗaya ta saki bayan 'yan sa'o'i. A nan siririn bututu ake zurawa tsakanin ƙasusuwan baya, a bar shi ta waje da rufin da ya lulluɓe laka, sannan na'ura ta riƙa tura maganin kashe zafi, galibi bupivacaine haɗe da ɗan fentanyl, kaɗan-kaɗan dare da rana.

A wurin tari na ga amfaninta sosai. Wanda aka tsaga wa ciki tsoron tari da dogon numfashi yake yi, kuma wannan tsoron ne ke sa majina ta taru a huhu har ta jawo ciwon ƙirji. Ni kuwa na riƙa yin tari, ina juyawa a gado, ina zama, ba tare da na ji kamar ɗinkin zai ɓalle ba, sannan hankalina a tare yake, babu mayen barcin da allurar kashe zafi ta mofin ke sawa.

Sai dai ba ta zo kyauta ba. Jinina ya yi ta sauka, da na miƙe sai jiri, har sai da aka ƙara mini ruwa aka kuma rage gudun na'urar. Ƙaiƙayi ya dame ni a fuska da ƙirji, ƙafata ta hagu ta yi nauyi, kuma dole aka bar mini robar fitsari. Duk waɗannan na iya jurewa ne saboda ma'aikatan jinya suna zuwa a kai a kai suna auna jini, suna cewa in ɗaga ƙafa. A ganina, asibitin da ba shi da isassun ma'aikatan da za su yi wannan sa ido cikin dare bai kamata ya saka wa kowa ita ba.

Cire bututun bai yi zafi ba, amma sai da aka daidaita lokacinsa da allurar hana daskarewar jini, domin gudun zubar jini kusa da laka. Zafin ɗinkin ya taso da ƙarfi bayan maganin ya saki, don haka ina ba mai niyya shawara ya nemi a fara ba shi ƙwayoyin rage zafi tun kafin a kashe na'urar.